Yadda zaka gane dokar jihar da kake a Amurka kafin ka amsa laifi a kotu

Wani abokin zamana ne ya taso daga Merilan da sassafe zai je ɗaurin aure can kudu, hanya ta ratsa da shi ta jihar Bajiniya, titi fetal ba kowa, shi kuma yana sauri kar a shafa fatiha babu shi, ya taka mota har allura ta hau mil 88 a inda allo ya ce 70. Ɗan sanda ya tsayar da shi, ba tsawa ba hargowa, ya karɓi lasin ya koma motarsa kamar minti goma, ya dawo da takarda ya ce sa hannu nan. Mutumin ya sa hannu ya cusa ta a aljihun gaban mota, a ransa tikiti ne irin wanda ya saba, in ya koma gida ya shiga intanet ya biya shikenan. Ranar da ya zauna zai biya sai ya tarar babu ma wurin biyan, abin da ke jikin takardar ranar zuwa kotu ce, sammaci ne aka ba shi bai sani ba. Ashe a Bajiniya duk wanda ya wuce mil 85 a awa, ko ya ɗora mil 20 a kan abin da allo ya ce, ya fita daga ƙaramin laifin hanya ya shiga tuƙin ganganci, shi kuma wannan ajinsa ɗaya da na wanda ya ɗauke kaya a kanti ko ya mari mutum, alƙali yana da ikon ɗaure ka har wata 12 ya ci ka tarar dala 2,500, kuma sunanka ya shiga rikod ɗin masu laifi. Da a jiharsa ya yi gudun nan tara kawai zai biya a ɗiga masa maki a lasin.

Toh ka ga inda mutanenmu suke faɗawa rami kenan. Kullum tambayar da ake min ita ce wai me dokar Amurka ta ce a kan kaza, ni kuma kullum amsata ɗaya, a wace jiha? Jihohi 50 ne, kowacce da majalisarta da kundin laifukanta da kotunanta da gidajen yarinta, ga kuma birnin Washinton da nasa tsarin. Gwamnatin tarayya tana da nata kundin amma shi ya fi shafar abin da ya tsallaka iyakar jiha, shige da fice, haraji, damfara ta waya ko ta gidan waya, manyan dilolin ƙwaya da makamantansu. Sata, duka, fashi, tuƙi a buge, har kisan kai, mafi yawansu a kotun jiha ake yinsu da dokar jiha. Shi ya sa jihohi 27 suna da hukuncin kisa a dokarsu, 23 sun soke, Mishigan ta soke tun wajen 1846, Bajiniya sai a 2021, Teksas kuwa ba jihar da ta kai ta zartar da shi tun 1976. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya.

Kuma kar ka ɗauka in jiha ta gama da kai tarayya ba zata iya taɓa ka ba. Dokar da ta hana a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan abu ɗaya tana nan, amma Kotun Ƙoli ta sake tabbatarwa a 2019 cewa jiha da tarayya hukumomi biyu ne daban, kowacce tana iya nata. Ɗan sandan nan Derek Chauvin da ya kashe George Floyd, kotun jihar Minesota ta ba shi shekara 22 da rabi a 2021, kotun tarayya ta zo ta ba shi 21 a 2022.

Yanzu a ce takarda ta shigo hannunka, ko tikiti ko sammaci ko takardar tuhuma bayan kamu. Abu na farko kar ka tsaya a kan abin da ɗan sanda ya faɗa da baki, kar kuma ka tsaya a kan labarin majalisa na wane ma an taɓa kama shi da irin wannan ba abin da aka yi masa, wane ɗin wataƙila a wata jiha ne, wataƙila kuma tun kafin a canza dokar. Duba jikin takardar, akwai wata lamba, ita ce lambar sashen dokar da ake tuhumarka da shi. Na abokin nan nawa 46.2-862 ne. Ka rubuta sunan jihar da lambar a waya, shafin majalisar dokokin jihar zai fito, kyauta ne, kowace jiha ta zuba kundinta a intanet. Ka fi yarda da shafin gwamnati a kan tallan lauyoyi don su wani lokaci tsohon bayani ne suka bari. Dokokin nan suna canzawa duk shekara, a Kalifoniya sababbi sukan fara aiki 1 ga Janairu, a Bajiniya 1 ga Yuli, a Teksas 1 ga Satumba, kuma wadda take aiki ranar da abin ya faru ita ake dubawa.

In ka buɗe sashen zaka ga wani abin haushi, sau da yawa ba ya faɗin shekara nawa ko dala nawa, sai dai ya bayyana laifin sannan ya ce wannan laifin aji kaza ne. Sai ka sake neman wani sashen daban inda aka jera hukuncin kowane aji. Nan ne ya kamata ka zauna ka gane kalmomi uku. Akwai ƙaramin saɓa doka wanda tara ce kawai ba ɗauri, kamar fakin a inda aka hana ko ɗan gudu kaɗan. Akwai misdimina, matsakaicin laifi, wanda galibi ɗaurinsa ba ya wuce shekara ɗaya kuma a kurkukun gunduma ake yi. Sai feloni, babban laifi, wanda ɗaurinsa ya haura shekara, a gidan yarin jiha. Tsakanin misdimina da feloni ba tsawon ɗauri ne kawai bambancin ba, mai feloni ya rasa damar riƙe bindiga a dokar tarayya, a jihohi da yawa ya rasa ƙuri'a na wani lokaci, aiki da hayar gida su yi masa wuya don kusan kowa yana binciken rikod kafin ya ɗauke ka.

Kowace jiha kuma da yadda take yanka ajin. Niyu Yok tana da feloni daga A zuwa E, A ne mafi muni, misdimina kuma A da B. Teksas misdimina ɗinta A, B, C ne, C tara ce kawai har dala 500, B har kwana 180 da dala 2,000, A har shekara ɗaya da dala 4,000, daga nan sai ƙaramin feloni na kwana 180 zuwa shekara 2, sai mataki na uku shekara 2 zuwa 10, na biyu 2 zuwa 20, na ɗaya 5 zuwa 99 ko rai da rai. Niyu Jazi ita ko kalmar feloni ma bata amfani da ita a kundinta, mataki na ɗaya zuwa na huɗu take cewa. Kalifoniya tana da wasu laifuka masu lilo, mai gabatar da ƙara yana iya shigar da su a misdimina ko a feloni gwargwadon yadda ya ga abin da kuma tarihinka, a irin waɗannan ne lauya mai kai yake nuna amfaninsa.

Abu biyu zaka lura da su wajen karantawa. Na ɗaya in doka ta ce har zuwa shekara kaza, rufin ɗaki ne aka nuna maka, mai laifin farko ba kasafai yake kaiwa can ba, sau da yawa tara ce da ɗaurin talala da aikin al'umma na wasu awanni. Amma in ta ce bai gaza kaza ba, toh wannan ƙasan ne, alƙali ko yana tausayinka hannunsa a ɗaure yake. Na biyu ka duba kalmar niyya, shin doka ta ce da gangan, ko da sani, ko da ganganci, ko da sakaci, domin gwamnati sai ta tabbatar da wannan ɗin ma ba aikin kawai ba, kuma yawancin kariya a nan take ɓuya.

Sata ita ce misalin da ya fi nuna yadda jihohin nan suka sha bamban, don kuɗin kayan ne yake yanke ajin. A Teksas ƙasa da dala 100 tara ce, daga 100 zuwa 750 aji B, daga 750 zuwa 2,500 aji A, sai ta kai 2,500 take zama feloni. A Niyu Yok da zarar ta wuce dala 1,000 ta zama feloni aji E mai ɗaurin har shekara 4. A Kalifoniya layin dala 950 ne tun ƙuri'ar 2014, ƙasa da haka har wata 6, amma a Nuwamban 2024 jama'a sun sake kaɗa ƙuri'a cewa wanda aka taɓa samu da sata sau biyu, ta ukun ko kaɗan ce ana iya maida ta feloni. A Niyu Jazi kuwa dala 200 kacal ta ishi a fitar da kai daga ƙaramin laifi. Wato waya guda ɗaya ta dala 1,200, a Hustan ta Teksas misdimina, a Buruklin ta Niyu Yok feloni.

Kuma dan Allah a kula da injin nan na biya da kanka a manyan kantuna. Na san wata baiwar Allah, ga goyo ga wani yana jan zaninta, ta manta da katan ɗin madara da kunzugun yara a ƙasan keken kaya bata nuna wa injin ba, tana kaiwa ƙofa wani mai kayan gida ya tare ta ya ce ta biyo shi wani ɗaki a baya. Ɗakin ba taga, kujera biyu da tebur da talabijin mai nuna hotonta tana turo keke. Suka miƙo mata takarda suka ce ta sa hannu ta tafi gida, ita kuma kunya da kukan yaro sun ishe ta ta sa, ashe a jikin takardar an rubuta ta amince ta ɗauki kaya ba biya. Mantuwa ba sata ba ce a doka don sata sai da niyya, amma da hannunta ta ba su niyyar a rubuce. Masu gadin kanti ba 'yan sanda ba ne, suna iya tsare ka na ɗan lokaci su kira 'yan sanda, amma ba dole ka sa hannu a komai ba. Bayan haka wasiƙa takan zo daga lauyoyin kantin suna neman wasu ɗaruruwan daloli, wannan daban take da shari'ar kotu, biyanta ba ya kashe kes.

Tuƙi a buge, wasu zasu ce mu ina ruwanmu ba ma sha, toh a tsaya. Dokar ba giya kaɗai ta kama ba, duk abin da zai dagula maka hankali a kan sitiyari ya shiga, har maganin barci ko na ciwo da likita ya rubuta maka da hannunsa. Ma'aunin giya a jini 0.08 ne a duk jihohi ban da Yuta da ta sauke zuwa 0.05 a ƙarshen 2018, direban babbar mota 0.04, wanda bai kai shekara 21 ba kuwa kusan ko ɗigo ba a yarda ba. Karon farko a Teksas aji B ne, aƙalla awa 72 har zuwa kwana 180, karo na uku feloni ne shekara 2 zuwa 10. A Kalifoniya na farko har wata 6, na huɗu cikin shekara 10 ana iya maida shi feloni. Wiskonsin ita kaɗai ce na farko ba a ɗaukarsa laifin ɗauri, tara ce da karɓe lasin. In da yaro a motar labari ya canza, a Niyu Yok tun 2009 feloni ne kai tsaye ko karon farko ne idan yaron bai wuce shekara 15 ba. Sannan karɓar lasin da ka yi, a doka ka riga ka amince a gwada numfashinka ko jininka in an kama ka, in ka ƙi ana dakatar da lasin ɗin ko da daga baya kotu ta wanke ka. Tarar da ke rubuce a doka kuma ita ce mafi arha a lissafin, kuɗin kotu, kuɗin makarantar dole, kuɗin na'urar hurawa da ake ɗaura wa mota, da inshorar da zata yi tashin gwauron zabi na shekaru, su ne suke karya mutum.

Tabar wiwi ce ta fi rikita samari. Kolorado da jihar Washinton sun halatta ta a 2012, zuwa ƙarshen 2023 jihohin da suka halatta sun kai 24, zaka ga shagonta da fitila da allo kamar kemis, sai yaro ya ɗauka ai an gama magana. A Teksas oza 2 ko ƙasa da haka, wajen giram 56 kenan, har yanzu aji B ne mai kwana 180, man wiwi na zuƙa a ɗan bututun nan kuwa ko bai kai giram ɗaya ba feloni ne. Aidaho tana maƙwabtaka da Oregon da Washinton amma ita bata yarda da komai ba. Ɗauko ta daga jihar da ta halatta ka tsallaka da ita wata laifin tarayya ne, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba dokar tarayya ce take aiki a kan takardunsa, ko a tsakiyar Denba babban birnin Kolorado ka sha, in ka faɗa wa jami'in shige da fice da bakinka yana iya zame maka ƙaya a biza ko girin kad, wato katin zaman dindindin. Haka ƙwayoyi irin tiramadol da kodin, riƙe su ba takardar likita laifi ne, kar wani ya ba ka saƙon magani ka sa a jaka don kara, kar kuma ka juye naka a wata leda, bar shi a robarsa mai sunanka.

Yanzu ga wanda ya fi cin gidajen mutanenmu, rikicin cikin gida. Nan zan ɗan daɗe don na ga aure ya mutu a kan abin da masu shi suka ɗauka wasa ne. Cacar baki ta yi zafi, murya ta tashi, maƙwabci ya ji ta bango ya kira lambar gaggawa ta 911, ko ita uwargidan cikin fushi ta kira don a tsorata shi kawai. 'Yan sanda in suka zo suka ga alamar an taɓa wani, ko ja a hannu ko yagaggiyar riga, a jihohi da yawa doka ta tilasta musu ko ta matsa musu su tafi da mutum ɗaya, ba zancen a yi haƙuri a sasanta. Washegari ta huce ta je ta ce ta janye, sai a ce mata ai ba ke kika shigar da ƙara ba, jiha ce, sunan jihar ne a kan fayil, mai gabatar da ƙara ne kaɗai zai iya janyewa kuma yana da muryarki a faifan 911 da hoton kyamarar da ke ƙirjin ɗan sanda. Alƙali kuma yakan ba da umarnin kar ya kusance ta, ba zuwa gida ba waya ba saƙo ba aike, kuma nan ne ake yin kuskure na biyu wanda ya fi na farko. Dattawa su shiga tsakani a ce ya kira ta ya ba ta haƙuri, ko ita ta turo masa saƙo ya amsa, toh amsawar nan sabon laifi ne mai zaman kansa, ko ita ce ta fara nema. Umarnin alƙali alƙali ne kawai yake ɗage shi, in ana son sulhu a bi ta hannun lauya. A Teksas duka mai rauni aji A ne, amma in akwai shaƙe wuya a tsakanin iyali ya koma feloni shekara 2 zuwa 10, in da makami a hannu ko wuƙar kicin ce ya haura. Kuma laifin dukan iyali, ko misdimina ne, yana cikin abubuwan da dokar tarayya ta lissafa na tasa ƙeyar baƙo.

Yara ma haka. Ba jihar da ta hana uba ko uwa tsawatarwa daidai misali, amma bulalar da ta bar shaida a jiki ta zama cin zarafi, kuma malaman makaranta da likitoci doka ta wajabta musu kai rahoto in sun gani, ba gulma suke ba aikinsu suke karewa. A Merilan barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota laifi ne, sai in akwai mai shekara 13 ko fiye tare da shi. Shekarun da doka ta yarda mutum ya amince da mu'amalar kwanciya tsakanin 16 ne da 18 gwargwadon jiha, 17 a Teksas da Niyu Yok, 18 a Kalifoniya, kuma cewa ai ta ce min ta girma ba ya fid da mutum a yawancin wurare, ƙarshensa rijistar masu laifin lalata wadda take bin mutum shekaru. Yin rijistar aure na biyu alhali na farko yana nan haramun ne a duk jihohi 50, Yuta ce ta sassauta nata a 2020.

Bindiga kuwa a taƙaice, Teksas tun Satumban 2021 ta bar manya su ɗauka ba lasin, amma ka shiga Niyu Yok da ita da harsashi ba lasin jihar feloni ne mai aƙalla shekara 3 da rabi. Mai bizar ziyara ko ta karatu dokar tarayya ta hana shi riƙewa in ban da 'yan togaciya kaɗan. Miƙa wa ɗan sanda na goro kuma ko da wasa kar ka gwada, ƙaramin tikiti zai koma feloni a tsaye.

Duk abin da na lissafa a sama na mai farar takarda ne. In kana da tsohon laifi lissafin daban ne, kusan kowace jiha tana ƙara wa mai maimaitawa, kuma suna ƙirga wanda ka yi a wata jihar. Kalifoniya ta kafa dokar karo uku a 1994, feloni na uku shekara 25 zuwa rai da rai, har aka riƙa ɗaure mutane haka a kan ƙaramar sata kafin a gyara a 2012 a ce na ukun ma sai ya zama mai tsanani.

Toh in kamun ya zo fa? Hannu a inda za a gani, ba gardama ba fizge-fizge, don turjiya ma laifi ce ta daban ko da kamun bai halatta ba. In kana tuƙi ka ba da lasin da takardun mota, in an tambayi sunanka ka faɗi na gaskiya, daga nan ka buɗe baki ka ce ba zan yi magana ba sai da lauya, sai ka faɗa a fili, yin gum kawai ba ya wadatarwa. Mu da tarbiyyarmu ta in babba ya tambaye ka ka yi bayani, wallahi nan take cutar da mu, mutum ya zage yana rantse-rantse yana ba da labari tun daga farko yana ganin zai wanke kansa, alhali kowace kalma ana ɗauka. Gargaɗin nan da kake ji a fim mai suna Miranda, na cewa kana da damar yin shiru, daga shari'ar 1966 ya samo asali, kuma sai an tsare ka za a yi maka tambayoyi yake wajaba, abin da ka zuba da kanka a bakin titi ya shiga. In an ce a duba motarka ko wayarka kana da damar cewa ban amince ba, in sun duba duk da haka kar ka hana da hannu, lauya zai yi faɗan a kotu. Wayar cikin kurkuku kuma ana naɗa, kar ka kira gida kana ba da labarin abin da ya faru.

Galibi cikin kwana biyu za a kai ka gaban alƙali a karanta tuhuma a yi maganar beli. In ka biya kotu kuɗin belin gaba ɗaya ana dawo maka da shi in ka halarci duk zama, in ka bi ta hannun 'yan kasuwar beli sukan karɓi wajen kashi 10 cikin 100 kuma wannan ya tafi har abada. Ilinoi ta soke belin kuɗi ɗungurungum a Satumban 2023. In baka da halin lauya ka faɗa wa alƙali a zaman farko, tun shari'ar Gideon ta 1963 da waɗanda suka biyo ta dole jiha ta ba ka in za a ɗaure ka a kan tuhumar, kuma kar ka raina lauyan gwamnati, aiki ne ya yi musu yawa amma sun san alƙalan da masu gabatar da ƙarar kamar yunwar cikinsu. In Turancinka na kasuwa ne ka nemi tafinta, kyauta ne, ba abin kunya ba ne, Turancin kotu ko 'yan ƙasar yana ba su wuya. Ranar kotu kuma ko ana ruwan ƙanƙara ka je, rashin zuwa waranti ne, wato umarnin a kama ka, zai zauna a kwamfuta yana jiranka har ranar da za a tsayar da kai a kan fitilar baya da ta mutu.

Sai babban wurin, wanda saboda shi na zauna rubutun nan. Shari'ar da kake gani a talabijin da mutum 12 a zaune suna saurare, ba ita ce ake yi kullum ba. Kotun Ƙoli da kanta ta ambata a 2012 cewa kashi 94 cikin 100 na hukuncin da ake samu a kotunan jihohi daga amsa laifi ne, wato ciniki, ka amsa ƙarami a yafe maka babba. Za a zo maka da tayi mai daɗin ji, amsa kawai ka tafi gida yau, ba ɗauri, shekara ɗaya ce a rubuce amma an dakatar, talala zaka yi. Ga ɗan ƙasa wataƙila ciniki ne mai kyau. Ga mai girin kad ko biza wannan shekara ɗayan da ba zai kwana ko ɗaya a ciki ba ita ce guba, domin a dokar shige da fice laifin sata ko na duka da aka rubuta masa shekara ɗaya cif, ko an dakatar, ya shiga sahun manyan laifukan da ake korar mutum a kansu kusan ba makawa, ko da jihar misdimina ta kira shi. Kwana 365 kora, kwana 364 akwai sauran magana. Saboda wannan kwana ɗayan ne Kalifoniya a 2015 da Niyu Yok a 2019 suka maida ƙarshen misdimina ɗinsu kwana 364. Tun shari'ar Padilla ta 2010 wajibi ne lauyanka ya faɗa maka in amsawar zata taɓa zamanka a ƙasar, amma kai ma ka fara gaya masa matsayin takardunka tun ranar farko, sirri ne tsakaninku, in da hali kuma ka kai takardar tayin wajen lauyan shige da fice ya gani kafin ka sa hannu. Har shirin nan da ake cewa ka yi aji kaza a goge kes ɗin, ka tambaya ko sai ka amsa laifi a gaban alƙali tukuna, don in ka amsa, jiha tana iya gogewa amma hukumar shige da fice tana ƙirga shi, kuma fom ɗin zama ɗan ƙasa yana tambayar ko an taɓa kama ka, ba ko an ɗaure ka kawai ba. Wanda kuma ya shigo ba ta ƙa'ida ba, tun dokar Laken Riley ta Janairun 2025 kamu kawai a kan satar kanti ya isa a tsare shi ba beli ko ba a yanke hukunci ba.

In an gama kes, ko an kore shi ko an sassauta, ka je wajen magatakardan kotu ka karɓi takardar ƙarshen shari'a mai hatimi, kwafi biyu ko uku, ka adana tare da fasfo, za a tambaye ka ita bayan shekara goma lokacin da ka manta ma sunan gundumar. Ka kuma tambaya ko jihar tana bari a rufe ko a goge rikod da bayan shekara nawa, don a wurare da yawa sai ka nema da kanka.

Shi abokin nawa na Bajiniya ya ɗauki lauya a gundumar da aka tsayar da shi, lauyan ya sa shi ya yi ajin gyaran tuƙi, ya kai motar aka gwada allurar gudunta, ya ciro tarihin lasin ɗinsa da ba ɗigo ko ɗaya. Ranar zaman ya saka kwat ya yi tafiyar awa uku, aka kira sunansa, duka maganar bata kai minti biyar ba, alƙali ya sauke tuhumar zuwa tuƙin da bai dace ba, wanda shi ƙaramin laifin hanya ne da tararsa bata wuce dala 500. Kuɗin lauya ya ninka tarar. Ɗaurin auren kuwa dama tun ranar bai same shi ba, ya isa ana watsewa.